Mma Abibatu Ta Zauna a Kan Kwata

Ni direban van ne. Kaya nake raba wa shaguna tsakanin Stratford da Whitechapel a London, aikin ya cinye min baya, kuma ban iya yabon mutum ba. Mma Abibatu ba ta roƙe ni in rubuta labarinta ba, ba ta ma san ina yi ba. Abin da ya zaunar da ni shi ne, a wani taron suna kwanan baya na ji wani yana cewa wai tsufa ne ya taɓa mata kai. Mai maganar yana riƙe da faranti shaƙe da shinkafa, kuma tun da na san shi ban taɓa ganin ya ɗaga ko kujera ɗaya bayan an tashi taro ba. To bari in faɗi abin da idona ya gani.

Mma 'yar Gana ce. A Yeji aka haife ta, a bakin tafkin Volta, inda mahaifiyarta ke bandar kifi. Aure ya kai ta Nima cikin Akara, auren ya kawo ta London, sannan mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu da flat ɗin council, gidan hayar gwamnati, a hawa na sama, wanda lift ɗinsa ke aiki ranar da ya ga dama. Ƙofarta na kallon tawa. Aikin kicin ta yi a wata firamare har ta yi furfura: wankin tukwane, rabon abinci, goge tebura bayan yaran mutane sun gama ɓarna. 'Ya'yanta sun girma sun watse, ɗaya Leeds, ɗaya Kanada. In sun kira ta a waya, ita Hausa, su Turanci.

A makarantar nan ta haɗu da kifin. Wasu 'yan sa-kai ne suka kawo tankin gilas da ƙwan wani kifi da ake ce wa trout, ɗan'uwan salmon, don ɗalibai su ga yadda yake ƙyanƙyashewa. Kifin ruwan sanyi ne, da ruwa ya ɗan yi ɗumi sai ya mutu. Aka tafi hutu, injin sanyaya tankin ya tsaya, ba kowa a ginin sai masu wanke kicin. Mma ta taɓa gilas ta ji ba sanyi. Ba ta kira kowa ba, don ta san za a ce mata a bari sai an dawo. Ta riƙa daskarar da ruwa a robobi cikin firizar kicin, tana jefawa a tankin tana canjawa, safe da yamma, har hutun ya ƙare. Ƙwan ya rayu. Ranar da aka je sakin 'ya'yan kifin a rafi ta bi ayari da atamfarta da takalmin kicin, kuma tun daga ranar Asabar ɗinta ta zama ta rafi.

Rafin ba abin kallo ba ne. Ɗan siriri ne da ya ratsa ta bayan garejoji da tsofaffin rumbunan kaya a gabashin London, kafin ya faɗa babban kogi. Lokacin da na fara ganinsa, taya ce da katifa da keken sayayyar kanti ke kwance a ciki, ruwan baƙi, ƙasansa taɓo. 'Yan sa-kan yawancinsu tsofaffin Turawa ne da suka yi ritaya. Babbansu wani ne Derek, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mutum mara surutu, shi ya sa muka shirya. Suna da kwantena guda a gefen gonakin unguwa, a ciki suka jera tankuna da injinan sanyi. Nan suke renon ƙwai duk lokacin sanyi, in bazara ta shigo su saki 'ya'yan a rafi.

Kifin yana rayuwa, amma ba ya haihuwa a rafin, domin sai a cikin tsakuwa mai tsabta macen ke zuba ƙwai, rafin kuwa taɓo ne. Dole a kwashe taɓo a zuba tsakuwa. A nan na shigo labarin. Wata Juma'a Mma ta buga min ƙofa, da Hausarta ta Zango.

"Ɗana, mota naka gobe ba shi da aiki."

"Mma, ni ina da aiki. Barci."

"Barci ba ya gudu. Ka zo da safe."

Na je. Na ɗauki buhunan tsakuwa har ƙasan motar ya kusa taɓa titi. Ita kuwa na same ta tsaye a ruwa har cinya, da wandon roba mai haɗe da takalmi wanda ya kai mata ƙirji, hijabi a cuse a ciki, tana jan taya da ƙugiya. Shekara ta bi shekara muna haka. Mutanenmu suka sa mata suna Hajiyar Kifi. Abin da ya fi ba su dariya shi ne kifin ba na ci ba ne. Wahala a ruwan ƙanƙara, kuma ko miya ɗaya ba za a yi da shi ba.

A sanyin da ya wuce, wata Asabar, Derek ya kira mu da hannu ya nuna mana ƙasan ruwa. Wurare ne 'yan kaɗan inda tsakuwar ta yi fari, an tona an rufe, kowanne kamar faɗin tire. Ya ce macen kifi ce ta haƙa da wutsiya ta binne ƙwai. Wannan ne karo na farko. Mma ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yau sun yi da kansu. Ba tanki, ba ƙanƙara." Ta koma bakin aikinta.

Ga abin da ya kamata ku riƙe. Ƙwan nan zai kwanta a cikin tsakuwa har sanyi ya kusa fita. Ko ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan za su ƙara kwanciya a nan ƙasa, kowanne da jakar abincinsa a ciki, ba sa iya iyo, ba sa iya gudu. Babban kifi in ya ji guba sai ya tsere. Waɗannan duk abin da ya zo ta kansu, shi ke nan. Aikin shekarun nan duka yana kwance a 'yan wuraren da tsakuwa ta yi fari.

A saman gaɓar kuma, gaba kaɗan da wurin, akwai ginin ƙungiyarmu. Tsohon rumbun kaya ne da 'yan Zangon Gana da mu 'yan Arewa muka haɗu muka kama, nan muke salla, nan suna, nan zaman makoki. Akwai bututu da ya leƙo daga gaɓar yana ɗiga cikin rafi. Derek ya nemi izini ya zuba koren rini a kwatar tsakar filin gininmu, muka sauka muka tsaya. Ba a jima ba rafi ya koma kore shar daga bakin bututun. Ashe a garin nan magudana iri biyu ce. Ta banɗaki da kicin tana zuwa inda ake tace ruwa. Ta tsakar gida da ta titi, wadda aka yi don ruwan sama, kai tsaye rafi take faɗawa. Mu kuwa mun ɗauka a ƙasar Bature duk ruwan da ka zubar akwai injin da ke jiransa.

A kan kwatar nan muke wankin kafet. Al'ada ce da 'yan Zango suka kawo, muka karɓa hannu biyu: duk shekara kafin azumi a fito da shimfiɗun masallaci gaba ɗaya a baje a fili, a zuba omo da bilic, a bi da buroshi da tiyo, a mayar ciki a kunna fankoki su bushe. Mata su dafa wake da shinkafa irin ta Gana da koko, a yi ta gardamar dafa-dukar wace ƙasa ta fi. Ba zan yi ƙarya ba, rana ce mai daɗi, kuma mutane suna yi ne don lada. A da azumi na faɗowa a lokacin zafi, rafin kuma ba komai a cikinsa sai taya. Bana ya matso cikin sanyi, daidai lokacin da ƙwan ke kwance.

Mma ta sa na kai ta wurin shugabanmu, Alhaji Abdul-Razak, mai shagon aika kaya Gana da Nijeriya. Ya taso ya tare ta, ya ba ta kujerarsa, ya sa aka kawo shayi. Ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ba ta ce kada a wanke ba. Ta ce a wanke a ciki, a wurin alwala, inda ruwan ke bin magudanar banɗaki, ko da zai ɗauki kwanaki ana yi kaɗan-kaɗan.

"Mma," in ji shi, hannu a ƙirji, "ke uwarmu ce. An gama. In sha Allahu an gama."

Aka kira taro. Wayyo taro! Aka yi jawabi a kan tsabta, aka yi jawabi a kan tausayin dabbobi, wani ya tashi ya ba da tarihin kogunan garinsu har na fara gyangyaɗi. Aka kafa kwamitin muhalli nan take, aka naɗa Mma uwar kwamiti, aka ɗauki hoto da ita a tsakiya. Aka tsayar da Lahadin ƙarshe kafin azumi, wanki a ciki. A hanyar gida ta ce min, "Ka gani, ɗana? Mutane namu suna da kirki." Ni kuwa na san duk inda jawabi ya yi yawa aiki ya gudu.

Abin da suka yi shi ne, suka buɗe wani zauren WhatsApp daban, ba Mma, ba ni, suka mayar da wankin Asabar da safe, ranar da kowa ya san tana rafi. Daga baya na tambayi ɗaya daga cikinsu dalili. Ya ce wurin alwala ya yi ƙanƙanta, mata sun riga sun sayi kayan girki, kuma, ku ji da kyau, ba sa son su ɓata wa Mma rai. Wai kara ce suka yi mata. Ba wanda zai iya kallon tsohuwa ido da ido ya ce mata a'a, amma kowa zai iya zagayawa ta bayanta. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin wuta a ƙirjina. Da sun ce mata a'a a taron nan, da mun toshe bututun da buhunan yashi tun da wuri, da ba a yi asarar komai ba. Ladabinsu ne ya yi kisan.

Asabar ɗin muna ƙasa muna ɗaure rassan itace a gaɓa don kada ta zaizaye. Wari ne ya fara iso mu, warin banɗakin asibiti. Na ɗaga kai na ga bututun yana aman ruwa fari, kumfa ta taso kamar an juye tukunyar sabulu, tana gangarowa a hankali ta kan tsakuwar. Derek ya yi wani ashar da ban taɓa ji a bakinsa ba. Mma ta jefar da gudumar hannunta, ta kama saiwa ta hau gaɓar da hannu da gwiwa. Mace mai jikoki, cikin wandon roba cike da taɓo. Kafin in fito ta zagaya shinge.

Na iske filin cike. Kafet a baje ko'ina, maza sun naɗe wanduna suna ta gurza, tukwane na tururi a gefe, ana ta shewa. Jarkokin bilic a jere jikin bango, an juye wasu, da yawa ba a buɗe ba. Mma ta ratsa tsakiyarsu, taɓo na ɗiga daga jikinta a kan kafet ɗin da aka wanke. Ta fizgi tabarmar roba ta bakin ƙofa, wadda ake goge ƙafa, ta shimfiɗa a kan ragar ƙarfen kwatar, ta juya ta zauna a kai daɓas.

Tiyo na ta zuba. Ruwan ya rasa hanya ya fara taruwa a kewayenta.

Hajiya Suweiba, shugabar mata, ita ta fara zuwa da ludayi a hannu. "Haba Mma! Tashi mana, maza na kallo. Wannan wane irin abin kunya ne?"

"Su kalla."

"Ruwan nan zai ci maki fata!"

"Ya ci."

Alhaji Abdul-Razak ya ƙaraso yana tattare babbar riga kada ta jiƙe, yana murmushin da ake yi wa mara lafiya. "Mma, Mma. Don Allah. Kifi nawa ne a ciki? Gobe da asuba ni da kaina zan je kasuwar kifi ta Billingsgate in sayo maki kwali guda, manya-manya, har da na miya."

Wasu suka yi dariya. Ta ɗaga kai ta dube shi, idonta ya riga ya yi ja saboda warin.

"Alaji, ka sa hannu naka a ƙirji ka ce mini an gama."

"To ai an yi shawara ne daga baya—"

"Ka ba ni shayi. Ka sa ni cikin hoto."

Ya juya wurina, wai ni ne mai hankali. "Uwaisu, yi mata magana mana."

Na yi magana, amma ba da ita ba. Ba zan rubuta duk abin da na faɗa ba, don a harabar masallaci ne kuma ban yi ladabi ba. Na je na kashe famfo, na zare tiyon na jefa bayan katanga. Wani ya ce min ba ni da hurumi. Na ce ya zo ya karɓa. Bai zo ba.

Amma ruwan da ya riga ya jiƙa kafet ɗin yana ta tsiyayowa, filin kuma gangare ne zuwa inda take zaune. Ya kai mata ƙugu a zaune. Wandon roba ya kare ƙafafunta, amma hannuwanta biyu suna cikin ruwan, tana danne gefen tabarmar don kada ya sulale ta ƙasa. Tana tari, hawaye na zuba, ba na kuka ba, na bilic. Na ɗauki bokiti na fara kwasa ina kaiwa banɗaki ina juyewa. Ni kaɗai, da wannan bayan nawa, mutum wajen arba'in na kallo.

Hajiya Suweiba ce ta fara ajiye ludayi. Ta ɗauki bahon da aka wanke shinkafa ta tsoma, tana kwasa tana faɗa. "Tsohuwa mai taurin kai! Kin ɓata mana rana, kin ɓata mana girki, ga shi za ki kashe kanki a kan kifin da ko gishiri bai sani ba!" Tana zagi tana gudu da baho. Sai sauran matan suka bi ta. Da maza suka ga matansu na kwasa, kunya ta kama wasu, suka jawo manyan robobin shara masu taya aka riƙa cikawa ana turawa ciki. Alhaji ya koma gefe da waya a kunne. Ban san wa yake kira ba, ban ga kuma wanda ya zo ba.

Sai da filin ya tsane ƙaf sannan ta yarda muka ɗaga ta. Ƙafafunta sun sage. Hannuwanta sun yi jawur kamar an yi musu wanka da ruwan zafi, daga baya fatar ta riƙa saɓulewa. Na ce mu tafi asibiti. Ta ce rafi tukuna.

Kumfar ta wuce, ta bar abin da ta bari. Ƙananan kifaye da ƙwarin ruwa sun taru a gefe, ciki sama. Derek ya ɗan tona gefen ramin da ya fi kusa da bututun, ƙwan ya fito fari fat kamar dafaffen gero, alhali mai rai ruwan goro yake. Na biyu ma haka. Na uku 'ya'yan sun riga sun fito, suka taso a tafin hannunsa ba motsi, kowanne da 'yar jakarsa. Ya ce sauran da ke can ƙasa bayan kwana kada a taɓa su, ba mai iya sanin halinsu sai bazara. Mma ta wanke hannunta a ruwan sama da bututun, ta ce in kai ta asibitin.

Duk azumin nan ba ta taka ginin ƙungiya ba. Bas take hawa zuwa Whitechapel ta yi sallarta a babban masallaci cikin mutanen da ba su san ta ba, da bandeji a hannu. An aiko mata da abincin buɗa baki ta karɓa ta yi godiya. An aiko da tawagar ban haƙuri, ta ba su ruwa, ta saurare su har suka gama, ta tambaye su ko an gyara kwatar. Suka ce kwamiti na dubawa.

Da bazara ta shigo muka sauka da 'yar raga da farin tire, can ƙasa bayan kwana. Derek ya bi gefen ciyawa a hankali yana ɗebowa. Ɗiba ta farko ba komai. Ta biyu ba komai. Can sai ya juye a tire, wasu 'yan abubuwa kamar tsinken ashana suka watsu suna wutsil-wutsil, da ɗige-ɗige a gefensu. Ba su da yawa. Da jarkokin nan da ba a buɗe ba sun bi bututun, ko ɗaya ba za mu gani ba. Mma ta sunkuya har hijabinta ya taɓa ruwa. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Mayar da su. Rana yana dukansu."

Ranar taron bayan salla, Alhaji ya tashi ya sanar da jama'a cewa da taimakon Allah da ƙoƙarin kwamitin muhalli, ƙungiyarmu ta ceto kifin rafi. Aka yi kabbara. Na ɗauki takalmina na fita.

Kwatar tana nan yadda take, ba wanda ya taɓa ta. Azumi mai zuwa zai ƙara matsowa cikin sanyi, kafet kuma ya riga ya fara datti. Shekaranjiya Mma ta tare ni a matakala ta ce in biya da ita shagon kayan gini. Ta sayi buhun siminti da 'yar cebur, ta sa aka ɗora a bayan van. Ta ce in bar su nan, za ta faɗa min ranar. Na san bakin kwatar nan za shi. Na dai rufe buhun da leda kada ya sha danshi.